Suruki a Bakin Ƙofa

Tun ranar da lokotoro ya ce ciwon sukarin Minatu ya wuce na ƙwayoyi, sai allura safe da yamma, ɗiyarta Tislim ta san tsohuwar ba ta da sauran zaman daji. Can arewacin Tasara, inda danginsu Larabawa suke bin raƙuma, babu inda za a samo ruwan allurar in ya ƙare, kuma zafi yana lalata shi tun kafin ya ƙare ɗin. Lokotoron bai ɓoye musu komai ba. In ana son ta kwana biyu a duniya, to ta zauna Yamai kusa da gidan likita. Ya ƙara da wani kashedi, har yana buga tebur da bik ɗin da yake rubutu da shi: duk wanda aka yi wa allurar nan, dole ya ci abinci a bayanta ba da jimawa ba. In bai ci ba, allurar ce da kanta za ta kayar da shi.

Minatu ta zauna, sai dai gidan da ta zauna ɗin bai gama zama gida ba. Kango ne a unguwar Dar es Salam, na wani Alhaji Mijinyawa mai shago a kasuwar Katako. An ɗora bulo har an yi rufi, sai gini ya tsaya. Ɗakunan cike suke da siminti da ƙarafa, an garƙame su da kwaɗo. Mijin Tislim, Dahman, shi ne gardi, mai gadin gidan. Da can direban babbar mota ne tsakanin Kwatano da Yamai. Da aka rufe iyaka motar ta kwanta, shi ma ya kwanta tare da ita, har Alhaji ya tausaya masa ya ba shi gadin. Suka kafa rumfar tabarmi a kusurwar tsakar gida, suka raba ta biyu da wani tsohon bargo. Ƙofar gidan ba a sa mata ƙyaure ba, tol, wato fallen kwanon rufi, ake jinginawa. Daga rumfar zuwa bakin ƙofa, ko gyaran murya mutum ya yi ana ji.

Bahaushe ma ya san kunyar suruki, amma ta mutanen su Tislim ta fi kauri. A daji miji yakan kafa tantinsa nesa da na uwar matarsa, in ya hango ta a hanyar rijiya ya sake hanya. Ba ta ci a gabansa, ba ta sha, ba ta barin ya ji motsin kwanonta. Ga mace irin Minatu kuwa, ɗiyar malami, wadda ta tsufa ba a taɓa nuna ta da yatsa ba, bai kamata suruki ya tuna ma cewa ita mai jin yunwa ce ba. Dahman yana iyakar ƙoƙarinsa. Yakan ja rawani har bisa hanci, ya zauna bakin ƙofa ya ba rumfar baya, nasa abincin ma a waje yake ci, fuska ga bango. A ganinsa ya sauke haƙƙi. Tislim kaɗai ta san bai isa ba, kuma wannan ba magana ba ce da mace za ta kai wa mijinta.

Da farko salla ce ta cece su. Dahman na fita masallacin bakin titi, Tislim za ta zaro kwalbar magani daga ƙarƙashin randa, inda take ajiye ta cikin jiƙaƙƙen tsumma, ta yi wa tsohuwar allura a cinya, ta tura mata kwano. Kafin liman ya sallame an wanke kwanon an kife. Haka suka yi watanni, har Minatu ta fara mayar da jiki. Sai wata magariba ɓarayi suka biyo ta bayan gida, suka zare ƙarafa ta kafar taga, matan ba su ji ba. Alhaji Mijinyawa ya zo ya duba. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce Allah yana ko'ina, gardi ya yi sallarsa inda yake gadi. Daga ranar Dahman ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa, ba ya fita sai Juma'a.

Minatu ta koma ci sau ɗaya, da tsakar rana, in barci ya sace Dahman a gindin dogon yaro. Tislim ta ci gaba da allurar safe, tana roƙon ta ko loma ce ta haɗiya a ɓoye. Wata safiya gumi ya keto wa tsohuwar, hannuwanta suka kama ɓari, ido ya juye. Tislim ta riƙa cusa mata sukari a baki da yatsa, tana kuka babu sauti don kada Dahman ya waiwayo. Da ta farfaɗo, Minatu ta ce ita da allurar safe sun rabu. Ta yamma ma ba a daɗe ba ta bi bayanta. Sai ƙishirwa ta dawo, irin wadda randa ba ta kashewa. Amma ruwan ma ta rage sha, domin makewayi yana can kusa da ƙofa, mai ciwon sukari kuwa hanyar makewayi ba ta huce masa.

Cikin wannan hali aka kira Tislim a wayarta ta portabul daga gidan likita, aka ce wata yarinya za ta zo ta yi wa mahaifiyarta tambayoyi. Washegari da hantsi ta yi sallama. Sakina sunanta, siririya, ɗiyar mutanen Maradi, ta karanta Larabci a jami'a. Ta gaishe da Dahman idonta a ƙasa, ta shigo rumfa tana rungume da sak, jakar takardunta, kamar za a ƙwace mata. Ta yi wa Tislim bayani da Hausa, a hankali. Ba jini za a auna ba, zaman mutum za a auna: barcinsa, damuwarsa, cinsa, hulɗarsa da jama'a, a ga yadda ciwon ya rage masa daɗin duniya. An mayar da tambayoyin Larabci a wata ƙasa, ana so a gwada su ga masu jin Larabci na nan, a ga ko sun dace da su. Za ta zo sau biyu da tambayoyi iri ɗaya, don a san ko amsar za ta tsaya inda take.

Da ta juya ga Minatu ta fara karantawa, sai muryarta ta sake. Larabcin littafi ne, mai wasali a ƙarshen kowace kalma, ba irin na bakin rijiya ba. Minatu ba ta jin Hausa sai gaisuwa, amma wannan ta san shi, da shi ta tashi a tantin mahaifinta. Ta ɗago kai daga matashi, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

"Tislim, wa ya aiko mana liman da ɗankwali?"

Tislim ta fassara, Sakina ta rufe baki da takarda tana dariya. Tsohuwar ta kama tsintsiyar hannun Sakina ta jujjuya, ta ji ramarta, ta ce a garinsu da an ce iyayen yarinyar nan ba su da raƙumi ko ɗaya, ta kuma ce ta ci gaba, tana ji, rabonta da irin wannan Larabci tun rasuwar mahaifinta.

Kowace tambaya da amsoshinta: ko kaɗan, wani lokaci, kullum. Ciwon yana hana ki cin abin da kike so? Ko kaɗan. Kina jin iyalinki sun gaji da ke? Ko kaɗan. Kina jin nauyin yin allura a gaban mutane? Minatu ta ce ba a yi mata a gaban kowa, ina nauyi zai fito. Tislim tana zaune gefe tana neman inda uwarta ta yi ƙarya, ba ta samu ba. Ai ba ciwon ne ya hana ta ci ba. Tambayoyin sun shiga barci, sun shiga fargabar makanta, sun shiga har zuwa biki da suna, amma babu wadda ta tambayi wa ke zaune a bakin ƙofa.

Sakina ba mai yawan magana ba ce, amma idonta ba ya zama wuri ɗaya. Tislim ta ga ya sauka kan kwanon da ke rufe tun safe. Ta ga ya tashi daga leɓen tsohuwar da ya tsattsage, ya koma kan moɗar ruwa cike a gefen tabarma. Yarinyar ta kawar da kai. Ta mayar da takardunta cikin sak, ta yi godiya ta tafi.

Kafin ta dawo, Minatu ta ƙara zubewa. Munduwar azurfa da ta yi shekaru maƙale a hannunta ta fara sulluɓowa har kan yatsu. Ta fara kiran Tislim alhali tana gabanta, don hazo ya soma rufe mata ido. Ranar Juma'a kaɗai take samun allura da abinci yadda lokotoro ya ce, sauran kwanaki sai jiran barcin Dahman, wanda wani lokaci ba ya zuwa.

A zuwa na biyu amsoshin ba su motsa ba. Sakina ta ce, muryarta can ƙasa, bisa wannan awo Inna tana cikin waɗanda suka fi kowa jin daɗi. Sannan ta roƙi a nuna mata maganin. Ta ɗaga kwalbar ga haske. Da kaɗan ta ragu. Ta miƙe ta yafito Tislim zuwa bayan tarin bulo.

"Yaya, don Allah ki gaya mini gaskiya. Inna tana cin abinci?"

Tislim ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ba ta da ƴar'uwa a Yamai, maƙwabta Zabarmawa ne da gaisuwa kawai ke haɗa su. Sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa. Ta faɗi maganar masallaci, da ɓarayi, da sukarin da ta cusa da yatsa, da makewayin da ke kusa da ƙofa. Tana faɗa tana jin kamar an sauke mata tulu daga ka. Sakina ta ce su ma a gidansu kakarta ba ta ci gaban babanta, amma in aka yi masa ishara yakan ba ta wuri, ai namiji in an gaya masa zai gane. Tislim ta girgiza kai ta ce a wajensu ba a faɗa. Yarinyar ta gyaɗa kai, idonta ya cika da ƙwalla.

Ta yi wa Minatu sallama, ta nufi ƙofa. Tislim tana kallon bayanta. Ta wuce Dahman da ke kaɗa shayi a kan ɗan murhunsa, har ta sa ƙafa waje, sai ta tsaya. Ta daɗe tsaye. Sannan ta juyo ta durƙusa a gabansa.

Dahman yana jin Hausa, yana jin Zabarmanci, hanya ta koya masa. Da ta yi masa magana da ɗayansu, da tsohuwar da ke bayan bargo ba ta tsinci komai ba. Amma Sakina ta ga magana ce mai nauyi, ta ga dattijo ne Balarabe, sai ta ɗauko harshen da take ganin ya fi girmamawa, wanda kuma a cikinsa kaɗai muryarta ba ta rawa. Ta faɗa da Larabcin littafi, kalma-kalma, da ƙarfi irin na mai karatu gaban aji.

"Malam Dahman, ka gafarce ni. Surukarka ba ta iya cin abinci kana cikin gidan nan. Ba ta iya shan ruwa, ba ta iya zagayawa. In ba ka riƙa ba ta wuri ba, mutuwa za ta yi."

Dahman bai dube ta ba. Ya ajiye butar shayin a ƙasa, ya ja rawani har ya rufe ido saura kaɗan, ya miƙe ya fita babu takalmi. Sakina ta waiwayo wajen Tislim ta nemi yafiyarta, ta ce amma rai ya fi kunya. Tislim ta waiwaya wajen rumfa. Kunnenta yana can bayan bargo, inda ko numfashi ba ta ji.

Washegari da hantsi Dahman ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, ya ja tol ya fita. Tislim ta leƙa ta hango shi can ƙarshen layi, gindin wata katanga, inda zai iya ganin bayan gidan. Duk da abin da ya faru, zuciyarta ta yi sanyi. Ta ɗauko kwalba, ta zuba dambu a kwano, ta ɗaga bargo. Minatu tana kwance fuska ga tabarmar rumfa.

"Ina ya tafi?"

"Masallaci, ina ji, Ummi."

"Wace salla ce da hantsi?" Sannan Minatu ta ce, "Yana can tsaye yana jira in gama. Da ina ci babu wanda ya sani. Yanzu duk fitar da ya yi, shela ce."

Tislim ta yi roƙo, ta haɗa ta da Allah, ta tuna mata cewa mara lafiya ko azumi an ɗauke masa. Minatu ta ce ta sani, mahaifinta ne ya karantar da rabin yankinsu na Azawak wannan hukuncin. Ba maganar zunubi take yi ba. Maƙogwaron ne ba ya buɗewa. Ta gwada, Tislim tana gani, ta kai loma baki ta tauna, ta daɗe tana taunawa, a ƙarshe ta mayar cikin tafin hannu.

Har barcin tsakar ranar ma ya tafi, don yanzu Dahman ba ya kwanciya gindin dogon yaro, fita yake yi a lokacin, da kyakkyawar niyya. Mutum biyu, kowa yana gudun ya cuci ɗan'uwansa, Tislim a tsakiya da kwano a hannu. Abin da ke shiga cikin tsohuwar bai wuce kurɓin madara ba. Tislim ta je Katako ta durƙusa gaban Alhaji Mijinyawa ta roƙi a buɗe musu ɗaki ɗaya. Ya ce siminti ba ya kwana waje, amma zai duba. A hanyar dawowa ta gane ko ya buɗe ba zai yi amfani ba. Bango yana tare ido, ba ya mayar da abin da kunne ya riga ya ji. Dahman, ba tare da ya ambaci dalili ba, ya ce yana tunanin barin gadin. Minatu ta ji daga bayan bargo, ta kira ɗiyarta ta ce macen da ta raba surukinta da abincinsa, gara ba a haife ta ba. A nemo mata ɗan ƙanenta Albakai, mai kai buhunan gero Tasara.

Tislim ta ce mata can babu allura. Minatu ta ce ta sani. Tislim ta ce lokotoro ya ce ba za ta daɗe ba. Minatu ta ce nan ɗin ma ba daɗewa take yi ba, can kuwa aƙalla za ta sha ruwa.

Sakina ta kira ta tambayi jiki. Tislim ta ba ta labari. Minatu ta sa a gaya mata ba ta riƙe ta da komai ba, yarinya ce, ta ga mai yunwa ta faɗa. Ta kuma ce yarinyar ta riƙa cin abinci.

Ranar tafiya Dahman ya tsayar musu da taksi, ya sa ƙunshin kayan a baya, ya koma ya fuskanci bango har suka wuce. Motar Albakai tana bayan tasha ana lodi. Tislim ta zaunar da uwarta a inuwar wata rumfa, cikin fasinjoji da masu talla da ƴan dako, babu wanda ya san su. Minatu ta daɗe tana sauraren hayaniyar. Sai ta sassauta mayafin da ke fuskarta.

"Ɗiyata, ina jin yunwa. Yi mini allurar, yau zan ci."

Tislim ta yi mata a ƙarƙashin mayafi. Ta sayo dambu da kopto, kwaɗon ganye, ta sayo farimasa mai zafi, soyayyen ƙullin fulawa, ko da yake lokotoro ya hana. Tsohuwar ta ci da hannu biyu, mai yana bin haɓarta. Ta shanye ruwan leda, ta nemi wani. Ta sa Tislim ta kai ta makewayin tasha, ta dawo ta ƙarasa sauran. Tislim ta juya kai tana kallon masu lodi, don kada uwar ta ji tana kuka.

Ta naɗe kwalbar da sauran allurai cikin jiƙaƙƙen tsumma ta ba Albakai, ta nuna masa iyakar inda ake jan maganin a jikin allura, ta ce kada rana ta taɓa shi. Ya ce to, ya ɗora ƙunshin gaban mota, bayan gilashi. Ta ce ba nan ba. Ya ce to, ya mayar aljihu. Abin da ke cikin kwalbar ba zai kai tsayuwar wata ba, ko da zafi ya ƙyale shi. Aka ɗaga Minatu aka sa ta gaba. Ta laluba ta tagar ta shafa fuskar Tislim, ta ce ta koma, mijinta bai ci komai ba tun safe.

Da ta isa gida ta tarar da Dahman ya shigo har cikin rumfa, ya sauke rawani zuwa wuya, ya zauna kan tabarma yana kallon ƙasa. Ta hura wuta ta ɗora tukunya. Can ya tambaye ta ko tayoyin motar suna da kyau, don hanyar bayan garin Tawa ba ta da kirki. Ta ce ba ta duba ba.